Maroƙi Ya Kai Ƙarar Ɗan Jarida

(Teburin mai shayi ne a Tudun Wada, Kaduna, bayan sallar isha'i. Baba, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, yana zaune da rediyonsa a kan cinya. Ɗan Jarida yana jiran a soya masa ƙwai, sai ga Maroƙi ya iso yana huci.)

MAROƘI: Salamu alaikum. Mai Shayi ka zama shaida, Baba kai kuma ka zama alƙali, domin ƙara na kawo. Wannan yaron da yake zaune da rikoda a aljihu ya kashe mini kasuwa.

ƊAN JARIDA: Ni kuma? Ni da na yi karatun aikin jarida a jami'a, me ya haɗa sana'ata da taka?

MAROƘI: Honorabul ne ya haɗa mu. A da, idan ya fito daga zaman majalisa a Lugard Hall, ni nake tarbarsa da kirari, shi kuma ya miƙo abin da ya sawwaƙa. Shekaranjiya ina buɗe baki sai ya ɗaga mini hannu, ya ce in huta, ai ya riga ya ji irin wannan a rediyo da safe, kuma na rediyon ya fi nawa armashi tunda har da kiɗa a farko da ƙarshe.

BABA: Na saurari hirar nan, kuma ban manta da tambayar farko ba. Cewa ka yi: "Ranka ya daɗe, ganin irin ɗimbin ayyukan alherin da ka shimfiɗa wa al'ummar mazaɓarka, waɗanda ko maƙiyi ba zai iya musantawa ba, shin a ina kake samun wannan ƙarfi, kuma yaushe kake samun barci?"

ƊAN JARIDA: Baba, wannan ita ce tambayar buɗe fage. Ana yin ta ne domin baƙo ya saki jiki kafin a shiga masu zafi.

BABA: To, ɗana, har aka rufe shirin kana buɗe fage. Tambaya ta biyu a kan irin abincin da ya fi so ce, ta uku kuma ka ce ya yi kira ga jama'a su ƙara haƙuri. Mutanen da suke ta haƙuri tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, su ne ka ga sun fi bukatar a yi wa nasiha.

MAROƘI: Ka ji ko! Ni ko kirari nake yi, nakan tsaya in ja numfashi, wani lokaci ma in yi wa maigida habaici idan hannunsa ya yi nauyi. Wannan kuwa ko habaicin babu.

ƊAN JARIDA: Kada ku zalunce ni. Ai a makon da ya wuce na yi hira da abokin hamayyarsa, kuma duk garin nan ya shaida cewa ban raga masa ba.

MAI SHAYI: Wannan gaskiya ne. Ina dama shayi na ji ka tambaye shi dalilin da ya sa yake baƙin ciki da ci gaban jiha, da ya fara amsawa ka katse shi, ka tambaye shi ko da gaske ne ya faɗi zaɓe a akwatin ƙofar gidansa, da ya sake buɗe baki kuma ka ce lokaci ya ƙure.

ƊAN JARIDA: To kun gani. Ɗaya na yi masa sanyi, ɗaya na yi masa zafi, idan aka haɗa biyun aka raba, ai an sami daidaito ke nan. Haka ƙa'idar aiki ta tanada.

BABA: Mutumin nan ya zo da takardar da ya ce ta kasafin kuɗi ce a hannunsa, muna jin ƙarar buɗe ta a rediyo, amma ba ka bari ya karanta ko layi ɗaya ba. Da ka bar shi ya karanta, sannan ka tambaye shi inda ya samo alƙaluman da kuma abin da shi zai yi dabam, wataƙila da mun gane ko shi ma holoƙo ne. Yanzu ba mu san komai game da shi ba sai dai cewa ba ka ƙaunarsa.

MAI SHAYI: Ni dai kada a ɗora wa yaron nan laifin duka. A teburin nan nake ganin abin mamaki. Idan na kama tashar da take yabon gwamnati, rabin masu shan shayi su ce an saye ta, idan na murɗa zuwa wadda take sukar gwamnati, ɗaya rabin su ce 'yan adawa ne suke biyan ta. Ranar da aka yi wa gwanin wani tambaya mai ma'ana, a nan ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba, yana cewa ɗan jaridar ba shi da tarbiyya.

(Wata baƙar mota ta tsaya. Honorabul ya fito da babbar riga, Ɗan Kore yana biye da shi riƙe da takarda da ambulan. Honorabul ya ce a ba kowa shayi da burodi da ƙwai a kansa.)

ƊAN KORE: Ga tambayoyin hirar gobe nan, Yallaɓai ya riga ya duba su. Wannan kuma kuɗin mota ne. Ka lura da ta huɗu, a nan ne zai yi kamar ka ba shi mamaki.

BABA: Ranka ya daɗe, tunda Allah ya kawo ka, ko za ka yarda tsoho ya yi tambaya ɗaya wadda ba ta cikin takarda?

HONORABUL: Haba Baba, ai ƙofata a buɗe take ga talakawa dare da rana.

BABA: Rijiyar burtsatsen da ka zo layinmu ka ƙaddamar, aka kafa allo mai ɗauke da hotonka, nawa aka kashe a kanta, wa aka ba kwangilar, kuma me ya sa tun ranar bikin ba ta sake kawo ruwa ba?

HONORABUL: Madalla da wannan tambaya. Kamar yadda kowa ya sani, ruwa shi ne abokin aiki, kuma mun gaji matsaloli masu tarin yawa daga waɗanda suka gabace mu, amma cikin ikon Allah mun duƙufa ba dare ba rana domin ganin romon dimokuraɗiyya ya isa kowane lungu da saƙo.

BABA: Allah ya taimaka. Nawa aka kashe?

HONORABUL: (ya juya ga Ɗan Jarida) Me yake yi haka? Ai na amsa.

ƊAN JARIDA: Ranka ya daɗe, maimaita tambayar ya yi. Akan yi haka a wasu wurare idan ba a sami amsa ba.

HONORABUL: Ikon Allah! Tun da na shiga siyasa ba a taɓa yi mini tambaya ɗaya sau biyu ba. Baba, wace jam'iyya ce ta turo ka?

BABA: Jam'iyyar masu sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma tun ina saurayi nake karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, kuma a garin nan aka kafa New Nigerian a 1966. New Nigerian jaridar gwamnati ce, amma duk da haka manya sukan buɗe shafinta na sharhi mai suna Candido gabansu yana faɗuwa. Jikana kuma ya karanta mini sashe na 22 na tsarin mulkin 1999, inda aka ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido a kan gwamnati domin ta yi wa jama'a bayani. Ya ce akwai ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa idan an nemi takarda a rubuce. Ɗana, ka taɓa rubuta irin wannan wasiƙa?

ƊAN JARIDA: Baba, tsarin mulki ba ya biyan kuɗin haya. Albashina sai an ga dama, mai gidan rediyonmu abokin Honorabul ne, man janaretan da muke watsa shiri da shi daga kuɗin tallar 'yan siyasa yake fitowa, kuma filin da kuke kira hira, sayensa aka yi minti-minti. Idan kuma ka matsa da bincike, ga hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a gefe. A 2022 ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. Ni da ko babur ban mallaka ba, wa zai tsaya mini?

BABA: Uzurinka na ji shi, kuma akwai gaskiya a ciki. To me zai hana ku faɗa mana a farkon shiri cewa wannan fili saye ne, kamar yadda ake yi wa tallar sabulu, domin mu san da wane kunne za mu saurara?

ƊAN KORE: A'a, Baba, idan aka faɗa ai kuɗinmu ya tafi a banza.

MAROƘI: Alƙali, a yanke hukunci mana. Ni buƙatata ba ta da yawa. Ko dai ya koma yin tambaya ya bar mini kirari, ko kuwa a raba ambulan ɗin nan biyu, tunda da kayan aikina ya samo shi.

MAI SHAYI: Kafin a yanke hukunci, ranka ya daɗe, ni ma ina da tambaya. Shayi shida, burodi uku da ƙwai goma sha biyu da ka ce a ba jama'a, wa zai biya?

HONORABUL: Wannan ita ma tambaya ce mai muhimmanci, kuma ina tabbatar maka cewa za mu kafa kwamiti mai ƙarfi wanda zai duba lamarin ya miƙa rahoto nan ba da jimawa ba.

ƊAN JARIDA: To masu sauraro, a nan za mu dakata saboda ƙurewar lokaci.

MAI SHAYI: Ba a rediyo kake ba, malam. Ajiye rikodar nan a kan tebur, idan kwamiti ya miƙa rahoto ka zo ka karɓa.