Ƙaramar motar lantarki: ba batir ne ya yi kaɗan ba, cajin ne aka yi wa rowa

Tunda Renault 5 mai lantarki ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 2025 ake ta kurantata, kuma ta cancanta. Sai ga kamfanin ya fito da mafi arahar samfurinta mai suna Five, batir kilowat-awa 40 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), ƙarfin doki 95, amma an cire mata cajin gaggawa na DC ɗungurungum. Wannan shi ya tunzura ni. Abin da ya ƙara min haushi kuma, masu sharhin motoci ba nan suka zuba ido ba, su dai kullum waƙarsu ɗaya ce: kilomita nawa take yi da caji ɗaya?

Haba jama'a. Motar da tsayinta bai kai mita huɗu ba, an ƙera ta ne don zirga-zirgar cikin gari, kai yara makaranta, zuwa aiki, dawowa, a kutsa ta lungun da babbar mota ba za ta iya fakin ba. Dacia Spring batirinta kilowat-awa 26.8 ne kacal lokacin da ta shigo kasuwa a 2021, nauyinta bai cika tan ɗaya ba, tana yin kusan kilomita 230 a gwajin WLTP, wato gwajin da ake auna nisan da mota ke yi da caji ɗaya. Nissan Leaf ta farko a 2010 da kilowat-awa 24 ta fara, kuma mutane suka yi shekaru suna hawa. Wai sai an ɗora wa irin wannan mota batir mai nauyin jibgi sannan ta zama mota? Duk kilowat-awa da ka ƙara nauyi ka ƙara, taya ta fi saurin cinyewa, motar ta fi shan wuta, kuma kana jan wannan kaya kullum saboda tafiyar da sai jefi-jefi kake yinta. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan tunani ya kalli GMC Hummer EV, sama da tan huɗu, batirinta kaɗai ya fi Spring ɗin gaba ɗaya nauyi.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ƙaramin batir ba ya zama matsala sai ranar da ka hau babbar hanya, gudun ɗari da ashirin da sanyi ko na'urar sanyaya mota a kunne suna cin wuta fiye da abin da aka rubuta a takarda, don shi WLTP ɗin a ɗakin gwaji ake yinsa kan zafin digiri 23. Ranar nan abin da zai cece ka shi ne ka tsaya rabin awa ka ɗura wuta ka wuce. Renault 5 mai batir kilowat-awa 52 tana karɓar caji mai ƙarfin kilowat 100, daga kashi 15 zuwa 80 cikin kusan minti talatin. Ita kuwa Five iyakarta kilowat 11 na cajin AC, irin wutar gida, wato ka zauna wajen awa huɗu kafin ta cika, ga na'urar cajin gaggawa a gabanka tana kallonka kana kallonta, bakin soket ɗin motarka ma ba zai shiga ba. Spring ma da ta fito, cajin DC ɗinta kilowat 30 ne, shi ma sai ka nema an ƙara maka.

Masu kare kamfanoni za su ce ai mai irin wannan mota a gida yake caji cikin dare, to duk mai mota ne yake da gareji?

Kuma kada wani ya ce min ba zai yiwu ba. Citroën ë-C3 batirinta kilowat-awa 44 ne, tana karɓar kilowat 100. BYD Dolphin Surf, wadda a China ake kira Seagull, har ƙaramin samfurinta mai kilowat-awa 30 yana da cajin DC. Kenan cire shi dabara ce kawai ta tura mai saye ya haura samfurin sama, kuma mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da mota ta biyu shi ake ƙwara, shi ne kuma zai sha wuya ranar da ya tashi sayar da ita, don ba na jin akwai mai rububin kwancen motar da ba ta caji da sauri.

Ni a ganina hukumomin da ke ba motoci izinin shiga kasuwa su wajabta cajin DC a kan kowace motar lantarki komai ƙanƙantarta, su kuma 'yan jarida su daina buɗe sharhi da adadin kilomita, su fara da minti nawa ake ɗauka daga kashi 10 zuwa 80.