Kafin Mary Slessor akwai cocin Creek Town

Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya haddace cewa Mary Slessor ce ta yaƙi kisan tagwaye a Kalaba. Ba na rage mata komai, baiwar Allah ta yi aiki. Amma a 1876 ta sauka, lokacin cocin Firesbiteriya ya shekara 30 a yankin. Waɗannan shekarun ne aka danne mana, kuma abin yana ci mini rai.

Creek Town ƙaramin garin ƙabilar Efik ne a bakin ruwa, cikin ƙaramar hukumar Odukpani ta Kuros Riba. Ɗan mishan Hope Waddell ya iso yankin a 1846, kuma daga Jamaika shawarar zuwan ta fito, ƙasar da ba a daɗe da 'yanta bayinta ba. Cikin tawagarsa har da baƙaƙen fata 'yan can.

Wanda ya buɗe musu ƙofa shi ne Sarki Eyo Honesty na biyu. Ran Lahadi a tsakar gidansa ake taruwa, Waddell na wa'azi da Turanci, sarki da kansa yana tafinta da Efik, jama'arsa na saurare. Ku duba fa, mutumin nan bai taɓa karɓar baftisma ba har ya rasu a 1858. Duk da haka da hannunsa a dokar 1850, wadda ƙungiyar Ekpe mai riƙe da hukunci a ƙasar Efik ta kafa, ta haramta kashe bayi don rakiyar gawar manya. 'Yan mishan sun matsa lamba, gaskiya ne, amma baƙo ba shi da bakin kafa irin wannan doka. 'Yan gari ne suka kafa ta.

Sai karatu. Wani ɗan mishan, Hugh Goldie, wanda ya daɗe a garin, ya fitar da ƙamus ɗin Efik a 1862, zuwa 1868 an gama fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya. Yara suka fara karatu da harshen gidansu.

A garin ne aka yi wa Esien Esien Ukpabio baftisma a 1853, shi ne na farko. A 1872 aka naɗa shi fasto, ɗan ƙasa na farko a wannan ɗariƙa. Ina so masu tsara manhajar tarihi su faɗa mana dalilin da ya sa ɗalibanmu ba su san sunansa ba, ba su san na Eyo ba.