A Legas har kwaɓin cincin kuɗi ne

Saura kwana huɗu ƙaramar Sallah miksata ta mutu. Laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Kwaɓin cincin na loda mata, fulawa kusan kilo 2 a tashi ɗaya, kuma kun san kwaɓin cincin ba irin na kek ba ne, tauri gare shi. Ta yi gurnani, ta yi ƙas-ƙas-ƙas, sai na ji ƙauri. Inji yana ta kuka a ciki amma ƙugiyar ta tsaya cak a tsakiyar kwaɓi.

Ban wani damu ba da farko, domin a saman benenmu nan Agege akwai maƙwabciyata Bayarabiya, mai yin kek ɗin biki irin mai hawa huɗu da biyar ɗin nan, kuma injinta biyu. Shekara shida muna shiga ta ƙofa ɗaya. Ina aika mata naman layya, tana aiko mini da kek ranar Kirsimeti. Na yafa mayafi na hau, muka gaisa, na ce, "Mama, don Allah a ara mini inji ɗaya na wuni guda, nawa ya tsaya." Ta yi murmushi har kunne ta ce, "Alhaja, injina ba ya fita daga ɗakin nan. Kawo fulawar na kwaɓa miki, Naira 1,000 kowane kilo, kin san kuɗin wuta yanzu." Ko a jikinta. Ina juyawa zan sauka ta ƙara da cewa, cikin raha wai, "Ashe ku ma kuna irin wannan aikin a Arewa? Na ɗauka tuwo ne kawai da kilishi."

Wallahi ban san wanne ya fi ƙona mini rai ba, kuɗin ko tambayar. Mu da ake kai amarya da alkaki da dubulan da nakiya fanteka-fanteka tun kafin kakanninmu su ji sunan kek? Ta je Jakara a Kano ta ga matan da ke kwaɓa gurasa da hannu suna mannawa a tanderu tun asuba, sannan ta zo mu yi magana. Batun wuta kuwa na zauna na lissafa, don abin ya tsaya mini. Ko wutar Band A ce, rukunin da ya fi tsada, wadda aka kai Naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, injin wat 1000 sai ya yi awa guda cur yana juyi kafin ya sha yunit ɗaya. Kwaɓin kilo ɗaya bai kai minti goma ba.

Ba sai na faɗa muku yadda abin zai kasance a gida ba. Yarinya za a tura, "wai in ji Mama a ba ta aro," shi ke nan.

Washegari maigida ya ce mu je Alaba, kasuwar kayan lantarki, a gyara ko a sayi wata. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya cire hoton kasuwar Sabon Gari daga ransa. Daga Agege sai ka bi Iyana Ipaja, Egbeda, Igando, ka ɓulle Iyana Iba a yankin Ojo, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba amma gosulo ya cinye mana kusan awa uku, kwandastan danfo na rataye a ƙofa yana ihun sunayen tasha kamar ana binsa bashi. Kana sauka samari za su yanyame ka, wannan ya riƙo ledarka, wancan ya ce shagon ubangidansa ne kaɗai ke da na gaske, alhali ba ka ma faɗi abin da kake nema ba. Layi-layi ne, benaye cike da talabijin da firji da fanka har kan matakala. Kowane mai sayar da sifika ya ƙure tasa don a ji ƙarfinta, janareto na amsawa ta ƙasa, hayaƙi da zafi da warin kwata sun haɗu, ga masu kura suna ratsawa da kwalaye sun fi tsayin mutum. Yawancin masu shagunan Inyamurai ne, kowane da yaransa masu koyon kasuwanci, waɗanda za su yi shekaru suna bauta kafin a sallame su da jari. Wannan tsarin nasu kam na yaba, ba na ɓoyewa.

A wani lungu da bai fi faɗin tabarma biyu ba muka sami mai gyara, saurayi ne, gabansa tulin gawarwakin bilenda da dutsen guga. Ya kwance miksar da sukudireba, ya zaro wani farin faifai na roba mai haƙora ya ɗora mini a tafin hannu. Gefe guda haƙoran sun side tas, kamar dasashin tsohuwa, ga garinsu ya cakuɗe da baƙin giris. Ya ce, "Madam, me kika ba ta ta ci?" Na ce cincin. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zagaya layi uku neman irin faifan, ya dawo hannu rabbana. Miksar irin mara asali ɗin nan ce, suna ne kawai aka buga a jikin kwali, ba wanda ke kawo kayan gyaranta.

A wurin yaron nan na koyi abin da ya kamata na sani tun kafin na sayi ta farko. Ni da na ga an rubuta wat 1500 ɓaro-ɓaro a kwali sai na ɗauka ƙarfi ne. Ashe wannan lissafin wutar da inji ke sha ne, ba ƙarfin da ke isa ga kwaɓi ba. Ya ɗauko wata KitchenAid tokumbo, wato ta hannu daga waje, ya ce na ɗaga. Da kyar na raba ta da teburi, ta haura kilo 10, jikinta duk ƙarfe, kwanonta lita 4.8, amma wat 300 da 'yan kai kacal. Ya ce ita ma akwai haƙorin roba guda a cikinta, da gangan aka sa, don in kaya ya yi mata yawa shi ya karye ya ceci injin, a canja shi da kuɗi kaɗan. Wato ba robar ce matsala ba, a'a, in ta karye za ki sami wata? Kuma su kansu masu ita sun ce kwaɓin burodi kada a wuce lamba 2 a gudu. Ni kuwa tawa a lamba ta ƙarshe nake sa ta, wai don na gama da wuri.

Na so KitchenAid ɗin nan, ja ce, tana sheƙi. Kamfanin tun 1919 yake, kuma duk mai yin kek a Instagram ita take ajiyewa a bayanta. Sai maigida ya juya ta ya duba gindin, ya nuna mini: bolt 120. Ta Amurka ce. Wutarmu 230 ce, sai an haɗa mata taransifoma mai rage wuta, kuma ranar da wani yaro ya jona ta kai tsaye a bango, ranar za a yi mata sallah. A gidan da ke da yara huɗu, ban ga dalilin ajiye wannan fargaba a kicin ba. Wadda aka yi don Ingila kuwa wutarsu irin tamu ce, har filogin mai ƙafa uku iri ɗaya ne, amma kuɗin sabuwarta ya isa mutum ya biya wa yaro makaranta.

Saura biyu ke nan: sabuwa dal mai araha a kwali, ƙanwar wadda ta mutu, ko tsohuwar Kenwood Chef da aka kwaso daga Ingila. Ita Kenwood Chef tun 1950 ake yin ta, kuma a Legas ba ka rasa mai gyaranta. Kwanon ƙaramar lita 4.6, babbar 6.7. Tana zuwa da ƙugiyar kwaɓi, da mai siffar harafin K na haɗa bota da sukari, da na waya mai kaɗa ƙwai, wanda ni dai maburgi nake ce masa. A Alaba tokumbo kashi biyu ne. Akwai wanda za a jona a gabanki, akwai wanda ba a yarda a gwada ba, ki biya rabin kuɗi ki je gida ki ga rabonki, cinikin biri a sama. Ko wanda ake gwadawar ma wayo ne, don fanko suke kunna shi, kuma kowane inji jarumi ne in ba kaya. Ni da ƙullin kwaɓin jiya na taho a leda. Na ce a zuba. Mai shagon ya kalle ni ya kalli maigida ya ce, "Oga, matarka ta fi 'yan Legas zama 'yar Legas." Kenwood ɗin ta juya shi lafiya lau, ba gurnani. Muka ɗauki babbar, fentinta ya ɗan koɗe ta gefe, ban damu ba.

To, maganar mai shagon nan ita ce ta bi ni har gida, ta fi ta Mama ciwo.

Zan yi adalci. Matan Legas sun iya lissafi. Maƙwabciyata da injin nan take biyan haya da kuɗin makaranta, kuma da ta ba ni, da kilo 2 ɗin nan zan loda masa na kashe mata shi ana saura kwana huɗu Sallah. A gida ma ba duka aro ne ke dawowa lafiya ba. Babbar tukunyar Innarmu ta tafi suna a unguwa tun ina firamare, har yau ana kunyar tambaya. Na san mata a Kano da suka fara sana'ar kek suka bari, saboda dangi sun cinye jarin da "ɗan ɗanɗana mana" da "a rubuta, sai wata." Nan kuwa komai da ma'auni, derika da robar fenti a kasuwa, sikeli a kicin, ba wanda ke ƙara miki gyara, ba wanda kuma ke jin haushinki don kin ce a biya. Duk na yarda.

Amma ni ban yarda wannan ci gaba ba ne. Mutum yana zaune da mutane sama da ƙasa, yana jin tarin maƙwabcinsa ta bango, amma in turminsa ya tsage sai dai ya hau danfo. A ce wai kowa tasa ta fisshe shi shi ne wayewa? Da na kira Yaya a daren ina ba ta labarin wat da bolt, shiru ta yi tana saurare, sannan ta ce, "Ke yanzu duk wannan wahalar a kan cincin kwano nawa?" Na ce uku. Ta ce, "Na bikinki buhu guda muka yi, wace miksa muka gani?" Gaskiya ta faɗa. Na tuna ranar. Mata sun fi goma sha biyar a tsakar gida, an baje tabarmi, wasu na murzawa da kwalba a bayan faranti, wasu na yanka, Gwaggo na bakin kasko da matsami tana korar yara, ana yi wa juna tsiya har magariba. Ba wadda aka aika wa kati, ji kawai suka yi ana soya.

Yaya ta ce na zama 'yar Ikko, komai sai inji. Na ce Yaya ba son inji ba ne, hannuwa ne babu. Hausawa ba su yi kaɗan a Agege ba, kowa ya sani, har Sarkin Hausawa gare mu, amma ƙawata mafi kusa tana Idi-Araba, in ta ce za ta zo taya ni aiki kuɗin motarta ya fi na fulawar, kuma sai ta baro gida tun safe. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Yaya. Ban amsa mata ba. Na dai ce wa maigida duk wadda ta ƙwanƙwasa ƙofa neman aron wannan Kenwood ɗin zan ba ta, ko Mama ce. Ya ce Allah ya sa, yana dariyar da ban so ba.

Daren jajibiri na yi aikin, don a damshin garin nan cincin ba ya jure ajiya, kwana kaɗan ya yi laushi in ba a toshe shi a roba ba. Kilo ɗaya-ɗaya na riƙa zubawa, a lamba ta ƙasa, kamar yadda yaron Alaba ya ce. Kafin a yi kiran isha kwaɓi ya haɗu sumul, ko zufa ban yi ba. Sai yanka. Duk Alaba ban ga miksar da ke yanka cincin ba. Yara sun taya ni na rabin awa, suka yi barci a kan kujera da fulawa a goshi. Na kira Yaya na sa wayar a sifika na jingina ta da gwangwanin madara. Ba hira muke ba, tana can tana nata aikin, ina jin muryoyin matan gidan, wata na cewa a miƙo wuƙa, wata na faɗan an cika wuta. Wajen ƙarfe ɗaya katina ya ƙare, saura faranti biyu ban yanka ba.