Ku daina buga riyal da naira kuna ce mana masu kuɗi

Jama'a don girman Allah ku daina wannan lissafin, wallahi ya ishe mu haka. Da an ji mutum yana Saudiyya sai a zaro waya a buɗe kalkuleta, albashinka nawa, riyal 2000, a buga sau 400, sai ka ji an ce kai! naira dubu ɗari takwas duk wata, ya ninka albashin dubu 70 da gwamnatin Najeriya ta sa a 2024 fiye da sau goma. Shikenan daga ranar ka zama bankin dangi. Babu wanda zai tsaya ya tambaye ka nawa ke saura bayan ka biya abin da ya zama dole, kuma babu wanda zai tuna cewa wannan riyal ɗin ba a kasuwar Dawanau muke kashe shi ba, a Jidda muke kashe shi, inda komai da riyal ake saye.

Ni a Jidda nake, aikin tuƙi nake a wani kamfani, kuma abin da zan faɗa duk wani Bahaushe da ke Makka ko Madina ko Riyad ya san shi, sai dai in kunya ta hana shi faɗa.

Abu na farko da mutanen gida basu gane ba, mu nan zaman kansa ma biya muke. Kai da kake Kano ko Katsina ko Maraɗi, ko sisi baka da shi, babu wanda zai tare ka a hanya ya ce nuna takardar zamanka a garin ubanka. Mu kuwa in igama, wato takardar izinin zama, ta mutu komai naka ya tsaya, asusun banki ya daskare, baka da damar fita ƙasar cikin mutunci, in ka hango motar askar, wato 'yan sanda, gabanka ya faɗi. Sabunta igamar riyal 650 ne a shekara, wannan mai sauƙi ne, babbar masifar ita ce kuɗin maktabul amal, wato ofishin ƙwadago, riyal 800 duk wata a kan ma'aikaci baƙo tun 2020, wato 9,600 a shekara, ko 700 in 'yan ƙasa sun fi yawa a kamfanin. A doka kafil, wato ubangidan da igamarka take ƙarƙashinsa, shi ne ya kamata ya biya. To amma mu faɗa wa juna gaskiya, duk wanda ya shigo da irin bizar nan da ake saye a hannun ejan, wadda kafil zai ce je ka nemi aikinka, daga aljihunsa yake biya, ya ƙara da ta'amin, wato inshorar asibiti, don ba a sabuntawa sai da shi, ya ƙara da ɗan abin da kafil ɗin ke karɓa na kansa. In ka makara a ci ka garama, wato tara, riyal 500, in ka sake 1000. Mutum ya shekara yana tara kuɗi kawai don a bar shi ya sake shekara yana tarawa, wannan wace irin rayuwa ce?

Sai maganar iyali, kuma nan ne zuciyata ta fi tafasa. Tun watan Yulin 2017 aka sa harajin murafiƙin, duk wanda ke ƙarƙashinka, mata ko ɗa, sai ka biya masa kuɗi duk wata. Aka fara da riyal 100, 2018 ya koma 200, 2019 ya koma 300, daga 2020 ya tsaya a 400. To ku da kuke son kalkuleta ga aiki, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku mutum huɗu kenan, 1600 duk wata, 19,200 a shekara, bai sayi ko buhun shinkafa ba, bai biya haya ba, bai sa yaro a makaranta ba. A cire 1600 daga wancan 2000 ɗin da kuka buga, me ya rage? Shi ya sa mutane da yawa suka kwashe matansu da 'ya'yansu suka mayar gida, yanzu magidanta ne da furfura suke kwana mutum biyar mutum shida a ɗaki ɗaya kamar samari, suna ganin 'ya'yansu a bidiyo kol, yaro ya yi wayo bai san ƙamshin ubansa ba. Kuma kar ku manta akwai Hausawan da kakanninsu suka zo aikin hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan suka zauna, an haifi uba a Makka an haifi ɗa a Makka, basu taɓa ganin Kano ba, amma tunda basu da takardar ɗan ƙasa su ma wannan kuɗin yana kansu. Waɗannan ina za su mayar da iyalin? Wane gida?

Haya kuma ita ce ta ƙarasa mu. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda, Karantina, Gulail, Sabil, Bitrumin, Kandara da sauransu, kuma duk wanda ya san Jidda ya san nan ne talakawanmu suke, nan kake samun ɗaki da araha, nan kake samun mai tuwo da mai ƙosai da mai gyaran keken ɗinki da ke jin yarenka. 'Yan ƙasa masu takardar fili aka yi musu maganar diyya, mu 'yan haya muka ɗauki katifa da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, muka shiga neman wuri, masu gidaje kuma da suka ga mutane sun yi yawa sai kowa ya ɗaga farashi yadda ya ga dama. Ni kaina ɗakin da nake ciki yanzu kusan ninki biyu nake biya kan na da, kuma ya fi nisa da wurin aiki. Sannan nan ba irin gida bane da zaka samu dattijon unguwa ya raka ka wurin mai gida a ba shi haƙuri zuwa bayan girbi, an rubuta yarjejeniya a manhajar Ejar, ranar biya in ta zo ta zo. A Riyad hayar ta haukace har sai da gwamnati ta dakatar da ƙarin na shekara biyar a 2025. Mu na Jidda da Makka muna nan muna jira.

Ga harajin kaya. Kafin 2018 babu shi sam, aka fara da kashi 5, a Yulin 2020 lokacin korona aka mayar da shi kashi 15, ninki biyu na kashi 7.5 da ake karɓa a Najeriya. Ɗan ƙasa mai ƙaramin ƙarfi an buɗe masa Hisabul Muwaɗin tun ƙarshen 2017 ana tura masa tallafi don ya rage zafi, kuma ban ga laifinsu ba, ƙasarsu ce, kowace gwamnati da nata take fara ji. Abin da nake so ku gane shi ne mu farashi ɗaya muke saye da su a bagala ɗaya, wato shagon unguwa, amma ba mai tura mana komai.

Kar wani ya ce na raina wahalar gida. Ban raina ba wallahi, uwata tana can, 'ya'yana suna can, ni nake biyan kuɗin cefanensu don haka na san farashin kwanon masara fiye da wasu da ke zaune a garin. Na san abin da ya faru tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1000 a ƙarshen 2024, dala daga wajen 460 ta wuce 1500, hauhawar farashi ta haura kashi 34. Kuma akwai abubuwan da nan ya fi, ba zan ɓoye ba. Wuta bata ɗaukewa, ruwa na zuwa, zaka yi tafiyar dare daga Jidda zuwa Madina ba ka tunanin 'yan bindiga, burodi da kaza da shinkafa suna da sauƙi in ka gwada da albashi, riyal kuma a ɗaure yake da dala a 3.75 tun 1986, baya rawa irin ta naira. Amma ko man da kuke cewa kyauta muke sha, wannan tsohon labari ne. Kafin 2016 lita halala 45 ce, ko rabin riyal bai kai ba, yanzu fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ne, ku buga da 400 ɗin naku ku gani in ba kusan ɗaya bane da abin da kuke saye a gidan mai. Wutar ma duk da arhar yunit, a zafin Jidda ba a kashe mukayyif dare da rana, fatura, wato takardar kuɗin wuta, in ta zo a watannin zafi sai ka zauna.

Kuma faɗuwar nairar nan da kuke gani kamar riba ce gare mu, ina ribar? Eh riyal 500 yanzu yana ba da naira da yawa, amma abin da yake saye a gida bai fi na da ba, wani lokacin ma bai kai ba, kawai lambar ce ta kumbura a alat, shi ya sa ake mana kallon kitse alhali rogo ne.

Abin da ya fi damuna a wannan kwatancen shi ne ba a sa abin da mutumin gida ke da shi wanda baya biya. Yana zaune a gidan gado ko da ɗaki ɗaya ne, yana da 'yar gonar da zai samu buhu biyu uku na gero, matarsa na kiwon akuya a bayan gida, in ya rasa mai shago zai rubuta masa bashi, in ya kwanta ciwo 'yan uwa zasu kewaye shi, in ya ga dama gobe ya kafa tebur a ƙofar gida ya fara sayar da rake ba mai kama shi. Mu gwada hakan a nan mana, baladiyya, wato hukumar birni, ta kwashe kayan, in aka yi rashin sa'a sai Shumaisi, inda ake tsare baƙin da aka kama, daga nan tarhil, wato kora zuwa gida, a sauke ka a filin jirgin Malam Aminu Kano da kayan jikinka. Sana'o'i da yawa ma an rufe wa baƙi, shagunan waya tun 2016, wasu kasuwancin a 2018, in ka buɗe shago da sunan ɗan ƙasa tasattur ne kuma laifi ne babba. Baƙo ba shi da fansho, in ƙarfinka ya ƙare kuɗin sallama ne kawai, rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, wata guda kan kowace shekara bayan nan, shi ma in ka dace da kafil mai tsoron Allah. Ko abincin gida kake marmari, daddawa, kuka, manja, doya, ka je inda ake sayar da su a Makka ka ji farashi. Zuwa gida ganin iyali kuwa sai ka biya kuruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, riyal 200 na wata biyu, kowane ƙarin wata 100, ga tikiti, ga tsarabar da in baka kawo ba za a yi shekara ana maganarka, abaya, jallabiya, dabino, turare, wani ma iPhone zai ce.

Laifin nan kuma har da namu, mu mazauna nan. Wasunmu sai su ci bashi su je gida hutu, a sha farar jallabiya da agogo, a yi ta rabon kuɗi a majalisa, a ɗora hoto a gaban Harami da gidan abinci na Albaik a Facebook, ba wanda zai ɗora hoton ɗakin da yake kwana. Ƙannenmu na gani suna sayar da gona da babur suna kai wa ejan. Ejan kuma Allah ya isa, su ne ke cewa 'yan mata da zawarawa aikin gida ne mai sauƙi, kuɗi kamar ƙasa, ga Umara duk sati, yarinya ta zo ta tarar shagala ce, wato 'yar aiki, daga asuba har tsakar dare a gida mai hawa uku, albashin sau da yawa bai kai riyal 1000 ba, in ta gaji ta gudu a rubuta mata hurub, wato a kai rahoton ta tsere wa kafil, ta koma ɓuya. Iyayenta a gida kuma suna can suna buga 400.

Don haka duk mai niyyar zuwa, kafin ka sayar da komai ka tambayi wanda zai kawo ka, wa zai biya maktabul amal, wa zai biya igama da ta'amin, akwai wurin kwana ko babu, akwai abinci ko babu, wace sana'a za a rubuta a igamar, kuma a nuna maka a rubuce. In ya fara kame kame ka riƙe gonarka.

Ku kuma 'yan uwa na gida, Yaya, Kawu, Inna, ba rowa muke ba, kuma hidimar iyaye da asibiti da kuɗin makarantar yara ko bashi zamu ci mu turo. Amma anko, da canza waya, da kayan ɗakin da dole sai sun fi na maƙwabta, da walimar da ba dole ba, ku yi mana afuwa. In mutum ya ce babu wannan watan ku yarda babu ɗin ne, ku daina zagayawa kuna cewa ya samu duniya ya manta da dangi. Ni dai igamata a watan Rajab za ta ƙare, kuma daga yanzu har in sabunta ta, ban da cefanen gida da maganin Inna, ba abin da zan iya turowa.