Masu Taya Rinin Hannu da Wulaƙanci

Abin da yake ƙona mini rai duk lokacin da na je marinar Ƙofar Mata a Kano shi ne yadda wasu suke taya kayan marina da wulaƙanci. Makon jiya ina tsaye a bakin karofi, wata mata ta ɗauki zane mai shuɗi ta taya shi rabin kuɗinsa, wai ta ga irinsa da araha a kasuwa, alhali wanda ta gani bugun inji ne. Dattijon da ke sayar da shi bai tanka mata ba, hannayensa kuwa sun rine har wuyan hannu.

Ganyen baba da toka sai sun yi kwanaki a rami kafin ruwan ya nuna, sannan a yi ta tsoma zanen ana ɗagawa yana shan iska, bayan mata sun gama ɗaure shi a gida ƙulli bayan ƙulli, daga nan kuma a kai shi mabuga. Masu irin wannan tayin idan suka shiga babban kanti, biya suke yi ba neman ragi.

Ni na sayi zanen yadda dattijon ya faɗa, domin duk ranar da na yafa shi ina samun ƙwarin gwiwa.