Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin, ina nasa hukuncin?

Akwai wani rahoto da ya kwatanta rayuwar mata masu zaman kansu a Indiya da Turai da Afirka, amma ya tsallake abin da ke kai da yawa daga cikinsu gidan magajiya a nan Maradi, wato auren wuri da saki. Ana aurar da yarinya tana da shekara 14 ko 15, a sake ta da goyo a baya, babu ilimi, babu jari, a gidan ubanta kuma hatsin rumbu ya ƙare tun kafin damina ta faɗi. Idan ta kama ɗaki, dole kuɗin haya ya fito ko tana da lafiya ko babu, kuma ranar da wani ya doke ta ya hana ta kuɗinta, ba ta da bakin kai ƙara, domin ta san ita za a fara tuhuma.

Ba mu manta da watan Nuwamban 2000 ba, lokacin da masu zanga-zangar adawa da bikin FIMA (bikin nuna tufafin zamani na Afirka) suka afka wa mashaya da gidajen matan nan a garinmu, alhali mazan da ke zuwa wurinsu da dare suna kwance a gidajensu da mutuncinsu. Addini ya haramta zina ga mace da namiji baki ɗaya. Ƙasar Suwidin, tun 1999, dokarta mai biyan kuɗi don ya kwana da mace take hukuntawa, ta ƙyale matar. Ina roƙon malamanmu da alƙalai su fara da tilasta wa mai saki ciyar da 'ya'yansa.