Wutar mahaliyya kaɗai ba ta raya kifi

A Maiurno da ƙauyukan da ke kusa da Sinnar, ana yawan cewa muddin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, ta kashe kuɗi ta jawo falwayar wuta zuwa bakin gona, mai tafkin kifi ya huta. Ba haka ba ne, kuma wannan zato kan sa mutum ya cika tafki da kifi fiye da kima.

Karfasa, wadda ake kira bulɗi a nan Sudan, tana shaƙar iskar da ke cikin ruwa ne. Da rana koren gansakuka na samar da iskar, da dare kuwa shi ma sha yake yi. Shi ya sa iskar ke yin ƙasa sosai gab da asuba. Idan aka ɗauke wuta a wannan lokaci, injin motsa ruwa mai ƙara wa tafki iska ya tsaya, sai a wayi gari kifi na haki a saman ruwa. Tarwaɗa ta fi juriya, don tana iya shaƙar iska daga sama.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wuta ba ta da tabbas. Don haka idan za mu kai koke mahaliyya, mu haɗa da sola mai batir ko janareto na haɗin gwiwa.